Inda Nababa Ya Tsaya

Ni tela ne, sunana Tahir, kuma tun ina taka keken ɗinki na ƙafa nake harhaɗa saƙar Nababa ta zama zane ko gwado. Don haka in na ce na san mutumin nan, ba a bakin wani na ji ba. Sunansa na yanka Abdulmumini, amma da yake sunan kakansa ya ci, tun yana zanin goyo aka ce Nababa. Har ya yi furfura yara suna ce masa Baba Nababa, kuma duk garin ba wanda abin yake ba dariya sai ni.

Garinmu Ɗorawar Masaƙa, arewa da Bacirawa, a ƙasar Ungogo. Ɗorawar ta daɗe da shiga murhu. Masaƙan kuwa, lokacin da wannan labari ya faru, saura uku: Nababa, da Yahya, da Mika'ilu. Su biyun nan a hannunsa suka koya, su ma ba yara ba ne, kowannensu ya aurar da 'ya'ya.

Wanda bai taɓa ganin saƙar maza irin tamu ba sai na yi masa bayani kaɗan, in ba haka ba zai ɗauka rigimar banza nake yi. Saƙar nan ba ta cin faɗi, tsawo take ci. Masaƙi yana zaune a ƙasa-ƙasa cikin rumfa, zaren kuma ya miƙe a gabansa ya tafi can nesa, inda aka ɗaure ƙullinsa a jikin wani ɗan katako da aka ɗora wa dutse. Katakon nan shi ake kira kunkuru. Nauyinsa ne yake sa zare ya tsaya tsaf. Masaƙi yana jefa ƙoshiya, wato ɗan katakon da yake ratsa saƙar da zare, yana naɗe abin da ya saƙa, kunkuru yana jan ciki yana matsowa, har ya iso gabansa. To a nan dole ya miƙe, ya ja dutsen ya mayar da shi ƙarshen fili, ya warware wani zaren, ya dawo ya zauna. In filin yana da tsawo, mutum sai ya yi hantsi bai motsa ba. In gajere ne, rabin aikin tashi da zama ne.

Nababa ya buɗe ido ya tarar da rumfar mahaifinsa a bakin gona. Damina noma, rani saƙa. Da an cire amfanin gona an kwashe kara, sai a miƙe zare a cikin gonar, iyakar inda ƙarfin mutum ya kai. Ya auri Aina'u, wadda a zamaninta ba mai kaɗi irin nata a unguwar, suka haifi 'ya'ya suka raina su da abin da ƙoshiya ta kawo. Daga baya yadin kanti ya cika kasuwa, masaƙa suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yansa maza ba wanda ya ɗauki sana'ar. Babban yana tuƙa adaidaita sahu, ƙaramin yana gyaran waya a cikin birni, kuma bai taɓa yi musu gori ba.

Sai birni ya taso mana. Gonakin da muka sani da dawa da gero suka fara tsirar da turaku da bulo. Aka raba gadon su Nababa, 'yan'uwa suka yanka nasu fuloti-fuloti suka sayar, shi ma ya sayar da nasa lokacin da aka yi wa Aina'u aikin ido. Abin da ya rage masa na miƙe zare shi ne wani siririn fili a gefen gidansa, dogo kamar lungu. Shi ma ba nasa ba ne, na Ikrima ne, ɗan marigayi wansa. Yaron kirki. Ya daɗe yana son ya gina shaguna a wurin, amma ya ce muddin Baba yana saƙa a nan ba zai kafa ko bulo ɗaya ba.

Akwai halin Nababa da dole in faɗa, don shi ne ya ci shi. Mutumin nan kara ta yi masa yawa. A wurin walima shi ne farkon tsame hannu, ko da bai karya ba tun safe. An taɓa ɗauko shi a bas daga birni, direba ya wuce mahaɗar garinmu yana ta zuba hira da wani fasinja, Nababa bai ce a tsaya ba don kada ya katse wa mutane magana. Sai da aka kai gari na gaba ya sauka ya tako da ƙafa. Da na yi masa faɗa, ya ce ai dama yana son ya miƙe ƙafa. Ni mai saurin baki ne, shi kuma kamar an halicce shi ne don ya gwada haƙurina, amma duk duniya ba wanda nake so in zauna kusa da shi kamarsa.

Tsufa ya fara kama shi ta gwiwa. Hannunsa lafiya lau, idonsa ma bai gaza ba, har yanzu bakin saƙarsa miƙe yake kamar an ja da zare. Amma tashi daga mazaunin nan ya zama masa aiki. Sai ya kama turken rumfa, ya yi bismilla, ya ɗan tsaya a tsakiya kamar mai tunani, sannan ya ƙarasa. Lungun Ikrima ya rufa masa asiri, domin da tsawonsa, tashin ba ya yawa.

A cikin wannan hali Abdulkabir ya zo mana. Jikan wani masaƙi ne na garinmu, amma a birni ya tashi, ya yi karatun zanen gine-gine. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin a gina wurin saƙa, shi kuma aka ba shi zanen. Ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa ya yi bayani. Gini ɗaya ne, amma kashi uku. Ɓangare guda injuna za su riƙa saƙa yadi mai faɗi. Ɗaya ɓangaren doguwar baranda ce ta masu saƙar hannu. A tsakiya ɗakin teloli, inda za a riƙa ɗora saƙar hannu a bakin yadin inji, a wuya da hannun riga da gefen mayafi, yadda inji zai ja farashi ƙasa, hannu kuma ya ba kayan daraja. Ya ce ba ya son inji ya kori masaƙi, so yake su ci a akushi ɗaya.

Na shiga taron ne da niyyar in yi masa ba'a, na fito ban samu abin kamawa ba. Yaron ya san abin da yake yi. Ya yi kwanaki yana zuwa lungun Nababa, ya cire takalmi ya zauna a tabarma yana kallo yana tambaya. Shi da kansa ya lura cewa in aka yi wa barandar siminti kunkuru zai riƙa santsi, ya ce ƙasa za a bari a daɓe. Ya juya fuskar ginin yadda rana ba za ta doki idon masaƙi ba. Bangon da ya raba baranda da injuna ya yi shi da kauri saboda ƙara. Abu ɗaya ya ce ba zai yanke da kansa ba, shi ne tsawon barandar. Ya ce wannan sai Baba.

Filin kuwa Alhaji Abdussalam ne ya bayar kyauta, daga gonarsa ta bakin hanya, ya ce a yanki abin da ake buƙata, sauran ya san yadda zai yi da shi.

Ranar awo ba na gari, na shiga kasuwar Kwari sayen zare, kuma har gobe ina jin haushin wannan tafiya. Yahya ne ya ba ni labarin daga baya. Aka kafa turke inda masaƙa za su zauna, aka ce Nababa ya taka ya nuna inda kunkuru zai tsaya. Ya fara tafiya, Abdulkabir yana biye da shi, Alhaji yana gefe. Ya ɗan yi nisa, bai kai rabin abin da yake buƙata ba, sai ya iso inda rogon Alhaji ya fara. Nan ya ja ya tsaya.

"Nan ma ya isa," in ji shi.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan magana. In ana zuba maka abinci ka ce ya isa, mai gida ba ya ajiye ludayi, ƙarawa yake yi. In an ba ka abu kyauta ba ka miƙa hannu ka nuna iyakar da kake so. Kai ka rage, mai bayarwa ya ce haba, ƙara gaba, ka ƙi, ya matsa, sannan ka karɓa kowa ya fita da mutuncinsa. Abin da Nababa yake jira ke nan daga bakin Alhaji. Alhaji kuwa ba marowaci ba ne, na tabbata da ya ji da ya faɗa. Amma daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara, ya juya baya ya shiga cikin rogo yana magana da wani a kan motar taki.

Abdulkabir ya tambaya, "Baba, ka tabbata? Na ga na gida ya fi haka."

Nababa ya ce na gida ai ɓarnar fili ce kawai, wannan ma ya yi. Yaron ya sake tambaya, ya sake ba shi amsa iri ɗaya, domin yaron ba shi ne mai gonar ba, ba daga bakinsa ake jiran ƙarin ba. Yahya da Mika'ilu suna tsaye suna kallo, sun san tsawon bai yi ba, amma wa zai ƙaryata malaminsa a gaban baƙo? Aka buga turke. Da Alhaji ya gama waya ya dawo, ya ga turke a ƙasa, ya ce madalla. Kafin a gama tona harsashi ya yanka sauran gonar ya sayar.

Gini ya tashi, kuma in faɗi gaskiya ya yi kyau. Bangon waje an jera bulo ne ana barin ƙofofi ƙanana, tsarin saƙi sak, yadda iska take ratsawa, in hantsi ya yi kuma hasken ya zubo ƙasa gida-gida kamar an shimfiɗa zane. Rufin yana da tsawo, ba zafi. Mutane suka riƙa tsayar da adaidaita a hanya suna ɗaukar hoto. Ranar buɗewa Nababa aka ba almakashi ya yanke ƙyalle, aka ce shi ya auna barandar da ƙafarsa, aka yi ta tafi. Na ga barandar ta yi mini gajarta, amma na ce ni tela ne, masu abu sun fi ni sani.

Bayan an buɗe da 'yan kwanaki Ikrima ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce tun da Allah ya kawo wuri, ko zai iya fara ɗan ginin nan nasa. Me kuke zaton Nababa zai ce? Ya sa masa albarka, ya ce ya ma daɗe yana tare masa hanya. Ikrima bai yi laifi ba, ya yi haƙurin da 'ya'yan yanzu kaɗan ne za su yi. Kafin damina ta faɗi shaguna sun tsaya a lungun, har da ƙofofin ƙarfe.

Ni na samu aiki a ɗakin teloli, keken lantarki aka ba ni, kuma ta tagar ɗakin ina hango baranda. A nan na ga abin da ke faruwa. Yahya da Mika'ilu suna ta tashi suna zama kamar masu sallar nafila, suna tsaki amma suna yi, tun da gwiwarsu da sauran ƙarfi. Nababa kuwa da ya fara jin daɗin jifa, hannu ya ɗauki zafi, sai kunkuru ya iso. Ya kama turke, ya yi bismilla, ya tashi, ya ja dutse, ya dawo. Kafin numfashinsa ya daidaita dutsen ya sake isowa. Abin da yake saƙawa a yini a lungu, a nan sai ya kwana uku bai haɗa ba.

Da farko almajiran nasa biyu suna taya shi mayar da dutsen. Amma su ma aikinsu suke yi, idonsu yana kan zarensu, shi kuma ba zai buɗe baki ya kira su ba. Sai ya zauna shiru, dutse a gabansa, ya sunkuya yana taɓa zare kamar wani ya tsinke yana ƙullawa, yana jiran ko wani zai waiwayo. Ranar da na gane cewa ba abin da ya tsinke, na ajiye ɗinki na fita na ja dutsen, raina a ɓace. Ya yi ta yi mini godiya har na ji kunya. Da na yi haka sau da yawa sai ya ce in daina, wai shugaban teloli zai ga kamar shi yake hana ni aiki.

A ranar na tsare Yahya ya faɗa mini yadda aka yi awo. Na samu Nababa bayan la'asar na zazzage masa abin da ke cikina, na manta da furfurarsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Tahir, mutum ya ba ka gonarsa kyauta, rogonsa a tsaye, sai ka tattake ka ce ƙaro? Ni ban iya ba."

Na ce to ga shi ai ka iya zama da dutse a gaba. Ina rufe baki na yi da-na-sanin faɗar haka.

Ya hana ni gaya wa Abdulkabir, amma na gaya masa a daren ranar ta waya. Washegari sai ga shi. Ya tsaya a baranda yana kallon bangon ƙarshe ya daɗe, sannan ya zo ya tsuguna a gaban tsohon.

"Baba, sau biyu na tambaye ka."

"Ka tambaya, ɗana. Kai ba ka da laifi. Ginin nan ko a birni ba irinsa."

Yaron ya yi iya yinsa, wannan zan shaide shi ko a gaban wa. Ya nemi wanda ya sayi filin bayan bango ko zai sayar da ɗan tsiri, ya tarar mutumin ya riga ya gina har ya zuba rufin kankare, ɗakin matarsa ma jingine yake da bangon namu. Ya duba ko za a karkata zaren ta ƙofa, sai ya zama zai ratsa hanyar da ake shigo da kaya. Daga ƙarshe ya sa wani maƙeri ya ƙera wani ƙarfe mai juyawa da zai riƙe ƙullin zaren yana sakinsa a hankali, ba sai an tashi ba. Dabara ce mai kyau, Mika'ilu ma ya karɓe ta, har yau da ita yake aiki. Nababa ya gwada da zuciya ɗaya. Amma jikin da ya shekara sittin yana jin nauyin dutse ta cikin zare bai gane wannan jan ba. Bakin saƙar ya riƙa fitowa a karkace, nan a matse can a sake. Ba wanda ya ce masa komai. Shi da kansa ya zauna ya warware abin da ya saƙa, ya ce a mayar masa da dutsensa.

Abdulkabir ya ce to ya bar saƙar, a ba shi kujera ya riƙa duba aikin sauran yana zaɓa wa injuna launi, albashinsa yana tafiya. Nababa ya yi godiya, ya ce zai yi tunani. Na san ba zai karɓa ba. Mutumin da ko ƙarin miya ba ya karɓa, ba zai ci albashin zama ba.

Haka ya ci gaba har wata ranar Laraba da hantsi. Ya tashi zai mayar da dutse, ya sunkuya ya kama igiya, gwiwa ta ƙi. Bai faɗi ba, zama kawai ya yi a kan daɓen, a tsakiyar hasken nan mai gida-gida, ƙafafunsa a miƙe. Injuna suna ta ƙara a bayan bango, ba wanda ya ji. Ni na hango shi ta taga. Da muka ɗaga shi ni da Yahya, cewa ya yi ƙasar ce take da sanyi ya ɗan zauna.

Da yamma ya ce in kira masa ɗansa ya zo da adaidaita a kwashe masaƙar a kai gida. Muka kwance itatuwan, muka naɗe zaren da sauran saƙar da ba a gama ba, muka ɗora dutsen a ƙasan kujera. Ya bi kowa ya yi sallama, har masu injin, ya ce su yafe masa.

Da muka iso ƙofar gida ɗan ya kashe inji ya tambaya ina za a sauke. Nababa ya dubi lungun. Shago ɗaya ana cajin waya, ɗaya ana sayar da ruwan leda, na ƙarshe aski ake yi. Ya dubi hanya, babura suna wucewa. Tsakar gidansa kuwa ko tabarma uku ba ta ɗauka a jere, Aina'u tana tsaye a bakin zaure ta san haka, ta kama bakin mayafinta. Ya ce a sauke a zaure tukuna, kafin a samu wuri.

Kayan saƙar suna nan a zauren. Ni kuma ina nan ina ɗinki a ginin, ana yabon kayanmu, an ce har Abuja ake kai su, kuma duk wanda ya zo sai an nuna masa barandar an ce tsohon masaƙin garin ne ya auna ta. Ba ni da yadda zan yi, abincina a nan yake. Amma abin yana cin raina, don na rasa wanda zan kama da laifi in huce.

Na zagaya neman fili, dogo, ko na aro ne zuwa kaka. Na bi ta bayan makabarta, na bi hanyar Bagwai har inda tsoho mai ciwon gwiwa ba zai iya zuwa kullum ba. Duk inda na ga sarari, in na matsa sai in tarar da turaku an shafa musu jan fenti.

Ran Juma'ar da ta wuce muna dawowa daga masallaci, yana dafe da kafaɗata, ya rage murya ya tambaye ni ko na ji labarin wani wuri. Na ce ina nan ina dubawa, Baba. Ya ce to, amma kada in matsa wa kaina.